MURYAR BABA GAGARE A WAYAR TEBUR

Shafi na 17

Masu yi min ƙorafi a ƙarƙashin shafin jiya wai na cika tsaya wa Luka, ku gyara zama. Ku karanta wannan tukuna, sannan ku yanke min hukunci.

*

Da hantsi motar Safana ta sauke Godiya a bakin tashar Batsari. Yayanta Luka na jingine da babur ɗinsa yana jiranta.

"Kin zo lafiya?"

"Lafiya."

"Hau."

Gaisuwar ke nan gaba ɗayanta.

Yau kwana ashirin da shida da 'yan bindiga suka ɗauke mahaifinsu, Baba Gagare, daga gonarsa a Ruma. Hularsa da takalmin robarsa kaɗai aka tsinta a bakin daji, hular jiƙe da jini. Aka yi zaman makoki, aka watse. Tun daga ranar Luka bai sake haɗa ido da ita ba, sai maganar da ya yaɓa mata a gaban jama'a: "Ke kika fara kashe shi da baƙin ciki, su ƙarasawa suka yi."

Ba ta musa ba. Ita ce ta ɗaga wa tsohon murya, mako biyu kafin abin ya faru. "Baba, in ba za ka bar Ruma ka dawo wurina ba, to kada ka ƙara kirana!" Ya kuwa ci gaba da kira. Tana kallon sunansa a fuskar wayar har kiran ya katse. Ta ga alamar ya bar saƙon murya, ta ce sai ta huce za ta saurara. Kafin ta huce aka ɗauke shi. A cunkoson makoki aka zare mata wayar. Layin kuma da sunan Baba aka yi rijistarsa, da yatsansa, ba mai ba ta wani. Ana cikin haka aka rufe layukan waya a yankin baki ɗaya.

Suna cikin tafiya Luka ya ɗan karkato da kai.

"Wai me kike son ji ne? Wanda ya tafi ya tafi."

"Muryarsa."

"Sanda muryar ke nemanki ai ba ki so ba."

Ta ƙara riƙe bakin mayafinta.

Ofishin da suka nufa na wata ƙungiya ne mai kula da yara masu tamowa. Suna da faifan tauraron ɗan'adam mai kama da faranti a kan rufi, shi ya sa wayar teburinsu kaɗai ke magana a garin. A bakin ƙofa wani dattijo ya miƙe daga kan benci, gemunsa fari fat. Malam Mani ke nan, masinjan ofishin, wanda ya aika mata direban Safana da cewa ta zo ta saurari saƙon Baba ta wayar ofishin.

Godiya ta durƙusa.

"Baba Mani, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar Gagare. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya hanya? Ya mutanen Safana? Ya masu haihuwa?"

"Duk lafiya lau."

"Ya ƙarin haƙurinmu?"

A nan ta sa bakin mayafi ta share ido. Ya kawar da kai, ya yi kamar yana neman makulli a aljihu.

"Ku shigo. Hajiya mai ofis ta ba mu rabin awa kafin su dawo daga rabon magani."

Wayar na kan tebur, fara, da igiyarta a nannaɗe. Malam Mani ya sa bakin rigarsa ya goge ta, ko da yake ba ƙura a jikinta.

"Wannan ai 'yar yau ce," in ji shi. "Kin tuna tawa ta sakatariyar ƙaramar hukuma? Baƙa, mai nauyin turmi, wadda ake juya lambobinta da yatsa?"

"Ban taɓa ganinta ba, Baba Mani. Ni ina can ɗaya bakin."

"Af, haka ne fa! Kina makarantar kwana a Katsina." Ya yi dariya. "Shekara goma sha tara ina riƙe da tarhon nan. Duk ƙarshen wata sai ubanku ya taho daga Ruma a kan keke, da ƙullin dafaffiyar gyaɗa a gaban rigarsa. Ranar farko a juye ya riƙe kan wayar, yana magana ta wajen kunne. Na gyara masa. Sai ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa, wai shugabar makaranta zai gaida."

Godiya ta yi murmushi, hawaye na taruwa.

"Ihu yake yi. Har sai na janye wayar daga kunnena."

"Ai cewa ya yi Katsina da nisa, in bai ɗaga murya ba a hanya za ta tsaya." Ya girgiza kai. "Ranar da na ce ya rage, sai ya ce, 'Mani, kai ba ka da ɗiya a nesa.'"

Luka na tsaye jikin ƙofa, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Malam, a yi abin da za a yi. Ina da fasinja."

"Zauna, Luka. Ubanka ne kai ma."

Ya zauna a bakin kujera, kamar wanda ke shirin tashi.

Malam Mani ya tura wayar gaban Godiya.

"Wani ma'aikacin nan ne ya nuna min. Lambarki za ki kira. Tunda wayar a kashe take, wata mata za ta fara Turanci. Kada ki jira ta gama, ki danna wannan mai alamar tauraro. Sai ta nemi lambar sirri, guda huɗu. Amma ya ce sau uku kawai ake gwadawa, in an kuskure an rufe. Kuma saƙo ba ya wuce wata biyu a ajiye."

Ya danna wani maɓalli, ƙarar layin ta cika ɗakin.

Ta buga lambarta. Matar ta fara magana. Ta danna tauraro.

Ta sa shekarar haihuwarta.

Matar ta ce ba daidai ba.

Ta sa shekarar da mahaifiyarsu Marka ta rasu.

Ba daidai ba.

Godiya ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

"Na manta, Baba Mani. Shekara da shekaru. Ranar da muka sayi layin ne mai shagon ya ce in zaɓa, Baba na tsaye a gefena. Shi ne ma ya faɗi wata lamba, muka yi ta dariya..."

"Shi ya faɗa?"

"Shi."

Dattijon ya rufe ido. Leɓɓansa na motsi.

"Ubanku bai iya karatu ba, lamba ɗaya na san ya haddace a duniya. Ku uku ne masu suna Godiya a makarantar nan. In an ɗauka, sai ya ce, 'A ba ni Godiya Gagare, mai lamba ɗari huɗu da sha bakwai.' Har ni na haddace."

Godiya ta dafe baki.

Sifili. Huɗu. Ɗaya. Bakwai.

Sai matar ta ce akwai saƙo huɗu.

Aka ji ƙarar iska, da kukan zakara daga nesa. Sannan muryar, da ƙarfinta, kamar yana tsaye a tsakiyar ɗakin.

"Salamu alaikum! Ke baiwar Allah mai Turanci, ba ni Godiya... A'a, ta yi shiru. To. Auta, ni ne. Ina kwana?"

Ya dakata.

"Kin tashi lahiya?"

Ya sake dakatawa. Sai a lokacin Godiya ta gane abin da yake yi. Wuri yake bar mata ta amsa.

"Lafiya lau, Baba," ta ce a hankali.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya aikin asibiti?"

"Da godiya, Baba."

"To madalla," in ji muryar, daidai kan gaɓa, kamar ya ji ta.

Malam Mani ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ba wani abu ba ne. Gero ya fidda kai, in kin gani sai kin yi dariya. Jar akuyar nan taki ta haihu, biyu, duk mata. Na san kina hushi. Ki yi hushinki, ba komi. Ni dai na gaishe ki."

Ƙit. Saƙon ya ƙare.

Godiya ta kifa kai a kan tebur. Luka ya zuba wa ƙasa ido.

Saƙo na biyu ya shigo. Wannan karon muryar ta yi ƙasa, ba ihu.

"Auta, ina zaune gindin tsamiya wajen uwarki. Na share mata wuri. Kin ce mi ya riƙe ni a Ruma. To ga shi. In na tahi, wa zai riƙa share mata? Ciyawa ta cinye ta, a manta inda take?"

Ya yi tari.

"Ranar da za a haife ki ruwa aka kwana ana yi. Rafi ya kawo, ba hanya. Na goya Marka a bayana na tsallaka da ita, ruwa iya ƙirji, tana zagina tana addu'arta ta coci, ni ina kiran duk abin da na san sunansa, na gargajiya da na Malam. Da kika faɗo ta ce Godiya. Na ce ban da ja. Shi ya sa da kika ce aikin karɓar haihuwa za ki koya, ban hana ba."

Wata 'yar dariya ta fito daga wayar.

"Faɗan da kika yi min rannan, wallahi muryarta na ji. Haka take yi. Ta ɗaga murya, ta juya baya ta yi kuka. Na san kin yi kukan. Ki daina."

Godiya ba ta san sanda ta kama igiyar wayar ta riƙe da hannu biyu ba. Ta ga tsakar gidansu, ta ga Inna Marka na tankaɗe a ƙofar ɗaki, Baba na gyaran ƙotar fartanya, ita da Luka suna faɗa a kan ƙanzo. Luka ne kullum ke bar mata a ƙarshe.

Ta ɗago ta dube shi. Gumi ne ke tsattsafo masa a goshi.

Matar ta ce saƙo na uku.

Luka ya miƙe zumbur.

"Ya isa haka. Malam, kashe."

"Don me?"

"Tayar da mikin da ya fara warkewa ne kawai. Godiya, tashi mu tafi."

"Ba inda za ni."

Ya kai hannu zai danne wayar. Malam Mani ya riƙe masa wuyan hannu. Tsoho ne, amma riƙon ba na wasa ba.

"Ba a katse uba yana magana."

Muryar ta fito da fara'a, har da ihun nan nata na da.

"Auta! Albishirinki! Na haƙura. Kin ci. Na yi wa uwarki sallama, na ce maƙwabci ya riƙa duba ta. Na ɗaure kayana, ga gyaɗarki rabin buhu, ga ƙwaryar Marka ta tatsar nono, ke za ki riƙe. Na yi magana da Luka, zai zo ya ɗauke ni ranar Alhamis da hantsi. Na ce kada ya gaya miki, in sauka ƙofarki ki ganni kwatsam. To cikina ba ya riƙe magana. Ki yi min tuwon dawa, miyar kuka, ki sa daddawa da yawa. Sai Alhamis!"

Ƙit.

Malam Mani ya danna wani wuri, matar ta dakata.

Godiya ta juyo a hankali.

"Yaya Luka."

Ya juya fuska wajen ƙofa.

"Ranar Juma'a da safe aka ɗauke Baba."

Ya share gumin goshinsa.

"Ya ce Alhamis za ka je."

"Godiya..."

"Ka je?"

"Ki saurare ni."

"Ka je ko ba ka je ba?"

Ya koma ya zauna.

"Na kama hanya."

"Ka kama hanya."

"Wallahi na kama hanya! Na wuce rabi. A mashigin rafi na ga sawun babura, sababbi, sun fi ashirin, duk sun nufi daji. Ba kowa a gonaki. Ko tsuntsu ba ya kuka. Na tsaya, na kashe mashin. Na tuna matata da ciki, na tuna yara. Na ce bari in bari sai gobe, ƙura ta lafa."

"Sai ka juyo."

"Na juyo."

"Ka kira shi? Ka ce masa ga abin da ka gani, ya kwana cikin gari, kada ya fita gona?"

Luka ya rufe fuska da tafin hannu.

"Kunya na ji. Me zan ce? In ce ɗansa ya ga sawun taya ya gudu? Shi da ya goya Inna ya tsallake rafi?"

Godiya ta miƙe tsaye. Muryarta ba ta ɗaga ba, ta ma fi ban tsoro a hakan.

"Kwana ashirin da shida ba na iya haɗiye tuwo. In na karɓi haihuwa, na ga uba ya zo yana murna, sai in shiga bayan gida in yi kuka. Ina cewa ubana ya mutu yana fushi da ni. Kai kuwa ka san ya yafe. Ka san ya ɗaure kaya zai zo wurina. Ka tsaya gaban mutanen Ruma ka ce ni na kashe shi!"

"In ban ɗora miki ba, kaina zan ɗora wa. Ba zan iya ɗauka ba, Godiya. Ban iya ba."

"Ni na iya?"

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa kawai ke rawa.

"Kayan fa?" ta ce. "Gyaɗar da ƙwaryar Inna?"

"Suna gidana. Na riga kowa shiga ɗakinsa, na same su a ɗaure bakin ƙofa. Ya ninke tabarmarsa ma. Na kwashe na ɓoye kafin a gani a yi tambaya."

Wannan ce ta karya ta. Ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da tebur. Wato ranar Alhamis ɗin nan tsohon ya wuni a ƙofar gida, sanye da rigarsa ta fita, yana kasa kunne ga kowane babur. Da gari ya waye ba wanda ya zo, ya ɗauki fartanya ya ce bari ya leƙa gero.

Malam Mani ya bar su suka yi kukansu. Sai da ya lafa ya yi gyaran murya.

"Ku dube ni, ku biyun. Ni na san Gagare tun kafin a haife ku. Ke kin ƙi ɗaukar waya, kai ka juya a rafi. Kowa da nasa. Amma ba ɗayanku da ya riƙe bindiga. Da yana nan, kun san abin da zai ce?"

Godiya ta share hanci da bakin mayafi.

"Zai ce a zubo tuwo tukuna."

"To kin gani."

Luka ya matso, ya durƙusa a gabanta, yaya a gaban ƙanwa.

"Ki yafe min, Auta."

Rabon da ya kira ta da sunan nan tun suna yara. Ta dube shi ta daɗe.

"Ba yau ba, Yaya. Zan yafe. Amma ba yau ba."

Ya gyaɗa kai.

Malam Mani ya dubi agogon bango.

"Lokaci na tafiya. Matar nan huɗu ta ce. Uku muka ji."

"Wataƙila na ranar Alhamis ɗin ne," in ji Luka, murya a dushe. "Yana tambaya ina na tsaya. Ku bari in fita."

"Zauna," in ji Godiya. "Tare za mu ji."

Ta miƙe ta danna da kanta.

Matar ta karanto ranar da aka bar saƙon. Godiya ta ɗaure fuska.

"Ba daidai ta faɗa ba."

"Me ta ce?" in ji Malam Mani.

"Wai kwana tara da suka wuce."

"Kwana tara? Ai layi a rufe yake."

"Lambar ma ba irin tamu ba ce. Ta Nijar ce."

Wayar ta yi shuuu. Aka ji kukan shanu, da yawa, kusa. Wani namiji ya yi magana da Fillanci, sannan da gurɓatacciyar Hausa: "Yi magana, baba, ta buɗe."

Numfashi. Tari mai tsawo.

"Auta..."

Luka ya dafe bango.

Muryar ta shaƙe, ta sirance, ba ihu, ba dariya. Amma ko cikin barci Godiya ta ji ta, ta san ta.

"Auta, ni ne. Ban mutu ba."

"Innalillahi!" Hular Malam Mani ta faɗi ƙasa.

"Sun sare ni a ka, sun kora mu cikin daji kwana da kwanaki. Da ƙafata ta karye suka yar da ni, suka ce in mutu a nan. Wasu bayin Allah makiyaya suka tsince ni. Sun ɗaure min ƙafa, suna ba ni nono. Muna wata ruga bayan iyaka, yamma da Jibiya, wajen wani dutse mai baki biyu da rijiya a gindinsa. Ban iya takawa."

Godiya ta ƙanƙame kan wayar tana kiran "Baba! Baba!" kamar zai ji.

"Takardar da kika rubuta min lambarki na aljihuna, ita na ba yaron nan ya buga. Ki saurara da kyau, kuɗin wayarsa kaɗan ne. Sun ce wurin ya fara ɓaci, ba za su daɗe ba. Da an ga sabon wata za su kaɗa shanu su yi arewa, kuma tahiyar ƙasa ce, ba su iya ɗaukata. Ki gaya wa Luka kada ya ji komi, ban riƙe shi ba. Ku zo kafin wata ya tsa..."

Ƙit.

Matar ta ce babu sauran saƙo.

Godiya ta juyo, idanunta a waje.

"Baba Mani, yau nawa ga wata?"

Dattijon ya ɗaga yatsu zai ƙirga, ya sauke su.

"'Yar Gagare... jiya da magariba aka ga wata."